Mu Tsaya a Farfajiyar Masallacin Ibn Ɗulun

(Sautin buɗe shiri)

  

Yau tafiya za mu yi, ba fasfo ba biza. Alƙahira muka nufa, babban birnin Masar. Mutanenmu ba baƙin garin nan ba ne. Akwai 'ya'yanmu da ke karatu a Azhar, akwai masu zuwa asibiti, akwai 'yan kasuwa masu saro jallabiya da littattafai, akwai kuma waɗanda ke yada zango a hanyar Umara. Idan aka sami sarari aka fita buɗe ido, wuraren da ake zuwa sanannu ne: Azhar, Masallacin Husaini, kasuwar Khan Khalili, sai dalar Fir'auna a Giza. Amma akwai wani masallaci da kusan duk wanda ya je Masar ya taɓa riƙe hotonsa a hannu bai sani ba, domin shi ne a jikin takardar fam biyar ta ƙasar. Masallacin Ahmad Ibn Ɗulun ke nan, a unguwar Sayyida Zainab, daura da titin Saliba. Can za mu je yau, kuma ba cikinsa za mu yi sauri mu faɗa ba. A farfajiya za mu daɗe.

Bari mu fara da mai ginin. Ahmad Ibn Ɗulun Baturke ne ta wajen asali, ya tashi a Samarra ta ƙasar Iraƙi, lokacin da take hedikwatar halifofin Abbasiyawa. A shekarar 868 aka turo shi Masar a matsayin wakili. Kafin a ankara ya riƙe ƙasar gam, ya kafa rundunarsa, ya mayar da halifa sai dai a ambaci sunansa a huɗuba. Ya gina sabon birni ya kira shi Alƙaɗa'i, a tsakiyarsa kuma, bisa wani tudun dutse da ake ce wa Jabal Yashkur, ya ɗora wannan masallaci. An soma aiki a 876, aka gama a 879, cikin watan Ramalana na shekarar 265 bayan Hijira. Allon dutsen da ke ɗauke da wannan tarihi yana nan maƙale a jikin wani ginshiƙi har gobe. Ku yi lissafi da kanku: ita Alƙahirar da muka sani sai a 969 aka kafa ta, Azhar kuma ya biyo baya. Wato masallacin nan ya girmi birnin da yake ciki. Masallacin Amru bin Asi ya riga shi kafuwa, amma shi an rushe an sake shi sau da yawa. Na Ibn Ɗulun kuwa shi ne mafi tsufa a Masar da ya tsaya a kan siffarsa ta asali.

To, ga mu a bakin titi. Hayaniyar Alƙahira sai wanda ya ji: hon ɗin mota, masu talla, babura, ƙura. Ka hau 'yan matakala, ka shige ƙofa, kana tsammanin ka shiga masallaci. Ba ka shiga ba tukuna. Abin da ka tarar fili ne dogo, fayau, tsakanin katanga biyu, faɗinsa kusan mita 19, ya kewaye masallacin ta ɓangarori uku. Ana kiransa ziyada. Babu ado a cikinsa, babu abin kallo, kuma da yawa daga baƙi wucewa suke yi da sauri kamar ba a gina shi don komai ba. Alhali aikinsa aikin zaure ne a gidan Bahaushe: ba a faɗowa daga titi kai tsaye zuwa tsakar gida. Kafin ka ƙetare wannan fili, kunnenka ya huce, tafiyarka ta ragu, hirar da ka taho da ita ta yanke da kanta. Magini ya shirya ka tun ba ka cire takalmi ba.

A ƙofa ta biyu za ka cire takalmin, ko masu kula da wurin su ɗaura maka rigar takalmi ta ƙyalle. Ka shiga da ƙafar dama, ka yi addu'ar shiga masallaci, domin komai tsufansa da yawan masu yawon buɗe ido, ɗakin Allah ne, ana kuma salla a cikinsa. Ka ratsa inuwar rumfa taku kaɗan, sai haske ya buɗe maka gaba ɗaya.

Wannan ita ce farfajiyar. Murabba'i ce, kowane gefe kimanin mita 92, ta ɗara filin ƙwallo girma. Sama a buɗe, ƙasa a share, ƙubba ɗaya tal a tsakiya. Shawarata ga duk wanda Allah ya kai shi nan ita ce ya bar wayarsa a aljihu tukuna. Mun zama mutanen da ke ɗaukar hoton wuri kafin su gan shi. Ka nemi gindin ginshiƙi ka zauna, ka bar idonka ya yi yawo. Abu na farko da za ka lura da shi shiru ne. Kana tsakiyar ɗaya daga birane mafi cunkoso a Afirka, amma abin da ke zuwa kunnenka fukafukin tantabaru ne da takun wani can nesa. Ba na'ura ce ta kawo wannan shirun ba, kaurin katanga ne da tazarar da aka bari.

Abu na biyu, layin bakuna. Maginanmu na gargajiya bakan gizo suke ce wa irin wannan lanƙwasa. Goma sha uku ne a kowane gefe, duk girmansu ɗaya, kowanne da ɗan tsini a samansa. Wannan tsinin ba ado kaɗai ba ne, yana sauke nauyin rufi ya gangara kan ginshiƙai maimakon ya tura su gefe. Turawa sun yi suna da irin wannan baka a manyan majami'un Faransa da Ingila, amma a nan an jera shi reras fiye da shekara 200 kafin su fara. Tsakanin kowane baka da ɗan'uwansa, a saman ginshiƙi, an huda wata 'yar taga. Ta rage wa ginshiƙi kaya, ta ba iska hanya, ta kuma hana bango ya yi wa ido nauyi. Ka ga aiki uku a huda guda. A can ƙolin katanga kuma akwai jerin ado na bulo da aka saƙa, wanda mutane da yawa ke cewa kamar mutane ne a tsaye sun riƙe hannun juna. Da la'asar inuwarsu takan kwanta a ƙasa ta yi zane na biyu.

Yanzu ka miƙa hannu ka taɓa ginshiƙin da ka jingina da shi. Ba dutsen mabul ba ne. Jan bulo ne ƙonanne, aka shafe shi da farin yaɓe. A wancan zamani al'adar Masar ita ce a kwaso ginshiƙan dutse daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da majami'u a kafa masallaci a kansu. Ibn Ɗulun bai bi wannan hanya ba, ya bi ta garinsu Samarra, inda bulo da yaɓe ne kayan aiki. Malaman tarihi sun ruwaito cewa ya nemi a yi masa ginin da zai tsira ko da gobara ta ci gari ko ruwa ya malale shi, aka ba shi shawarar bulo da toka da farar ƙasa, domin dutsen mabul ba ya jure wuta. Ko labarin ya inganta ko an ƙara masa gishiri, abin da ya biyo baya ya gaskata shawarar. A shekarar 905 rundunar Abbasiyawa ta dawo ta ƙwace Masar daga zuriyarsa, ta rushe Alƙaɗa'i ta ƙone shi. Fada ta tafi, gidaje sun tafi, filin sukuwa ya tafi. Masallacin kaɗai ya rage. Wurin da kuma aka fi kashe wa kuɗi, wato ƙubbar farko ta tsakiyar farfajiya mai ruwan zinariya da ginshiƙan mabul, ita ce gobara ta cinye a shekarar 986.

(Gajeren sauti)

Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna Alƙahira ne, a farfajiyar Masallacin Ibn Ɗulun.

Ƙubbar da ke tsakiya yau tana da nata labarin, kuma ina son labarin nan. Bayan birnin ya watse, masallacin ya zauna ba jama'a. A zamanin Salahuddin Al'ayyubi ya koma masaukin alhazan Magrib masu wucewa zuwa Makka. Daga baya ya zama kufai. A shekarar 1293 aka kashe Sarkin Mamluka Al'ashraf Khalil, kuma cikin waɗanda ke da hannu a kisan akwai wani hafsa mai suna Lajin. Da nema ya yi tsanani, sai ya gudo ya ɓuya a wannan kufai, inda ba mai zuwa. Yana ɓoye ya yi alwashi, in Allah ya fid da shi zai raya masallacin. Ya tsira, a 1296 ma ya hau gadon sarauta, ya kuma cika alkawari. Shi ya gina ƙubbar alwala ta tsakiya, ya gyara hasumiya, ya ƙawata babban mihrabi, ya kawo sabon mumbari na katako. Bai tsaya a gini ba, ya sa aka riƙa karantar da fiƙihun mazhabobi huɗu da tafsiri da hadisi har da ilimin likitanci a ƙarƙashin rumfunan nan. Mulkinsa bai yi tsawo ba, shi ma kashe shi aka yi a 1299. Wasu daga cikin sassaƙaƙƙun allunan mumbarinsa kuwa yau sai ka je gidajen tarihi na Turai, musamman Landan, kafin ka gan su. Wannan wani zance ne na wata rana.

Mu tashi mu shiga inuwa. Rumfunan gefe uku layi bibbiyu ne, na wajen alƙibla kuwa layi biyar, domin nan ne wurin sahu. Da shigarka za ka ji sanyi ya sauko maka, ba fanka ba na'urar sanyaya ɗaki. Rufi yana da tsawo, bango yana da kauri, iska tana shigowa daga farfajiya ta fice ta tagogin sama. Tagogin nan 128 ne, kowace an rufe ta da raga ta yaɓe da aka huda da zane, kuma da wuya ka sami biyu iri ɗaya. Kaɗan ne suka rage daga zamanin Ibn Ɗulun, sauran na masu gyara ne na baya. Suna tace rana, ta shigo a matsayin haske, zafinta ya tsaya waje.

Ɗaga kai ka dubi cikin bakunan. An sassaƙa yaɓen tun yana ɗanye, ganye da reshe da zane mai kusurwa suna shiga juna suna fita, ba ka gane inda suka fara. Babu hoton mutum, babu na dabba. Sama da su, dab da rufi, akwai wani dogon allo na itacen ɓaure da ya zagaye masallacin, tsawonsa ya doshi kilomita biyu, an sassaƙa ayoyin Alƙur'ani a kansa da rubutun Kufi, ba wasali. Wanda ya yi karatun allo a wajenmu zai ji rubutun bai yi masa baƙunta sosai ba, domin rubutun Magrib da namu ya samo asali daga gare shi, daga Kufi ya tsiro. Akwai mihrabi shida a masallacin, na zamani daban-daban. Ɗaya daga cikinsu na wazirin Faɗimiyawa ne Al'afdal, na wajen shekarar 1094. Kowane mai mulki ya zo ya ajiye alamarsa, amma ba wanda ya ce sai an rushe an yi sabo don a san ya yi aiki.

Kafin ka ci gaba da kallo, ka yi raka'a biyu na gaisuwar masallaci. Ina faɗar wannan ne domin kallon gini yana iya shagaltar da mutum har ya fita bai sa goshi a ƙasa ba. Ladubban kuma ba su canzawa don kana baƙo. Kada ka gifta ta gaban mai salla don neman kusurwar hoto. Kada ka ɗauki mutum yana ibada ko yana barcin ƙailula ba da izininsa ba. Murya ƙasa-ƙasa. 'Yan'uwa mata, shigar da kuka saba da ita ta wadatar. Za ku ga baƙi waɗanda ba Musulmi ba suna zagayawa, domin a Masar an yarda su shiga tsofaffin masallatai a wajen lokutan salla, saɓanin Maroko inda yawancin masallatai a rufe suke gare su. Kada ka haɗe musu rai. Wani ma wannan ne karonsa na farko da ya taka masallaci, kuma fuskarka tana cikin abin da zai tafi da shi gida. In mai tsaron takalma ya yi maka hidima, ka ba shi ɗan abin shan shayi.

Me ya sa tun farko masallatai suke da farfajiya? Asalin abin yana Madina. Masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, fili ne da aka kewaye da katangar tubali, aka yi rumfa da kututturen dabino da ganyensa a wajen alƙibla, sauran wurin a buɗe. A nan ake salla, a nan ake karatu, a nan ake karɓar baƙi, a nan talakawan Sahabbai suke kwana. Daga wannan tsari Kufa da Basra da Dimashƙa suka ɗauka, kowace ƙasa kuma ta daidaita shi da yanayinta. A Ƙairawan ta Tunisiya, garin mai Risala, an ɗan karkata daɓen farfajiya yadda ruwan sama zai gangara ya taru a rijiyoyin ƙarƙashin ƙasa. A Ƙurɗuba ta Andalus itatuwa aka dasa a ciki, yau lemo ne jere. A Alƙahira, inda ruwan sama ba ya da yawa, rana ce abin gudu, sai aka ba inuwa muhimmanci.

A nan nake so mu waiwayo gida, jama'a, domin mu ma ba a bar mu a baya ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara aka yi shi, amma masana gini daga ƙasashen duniya sun zo sun auna bakunansa sun yi rubutu a kai. An gina shi da harabarsa, da wuraren alwala a mashiga, har da ɗakin shari'a. Da wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023 aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu, da yawa daga cikinmu a ranar suka fara jin shekarunsa. Yau kuwa idan za mu gina masallaci, sai mu cinye fili kakaf har bakin kwata. A jera shaguna a gaba, a liƙa tayil, a rufe da gilashi da kwano, sannan a shiga neman kuɗin janareta domin ba mai iya zama ciki in wuta ta ɗauke. Ranar Juma'a sahu ya malalo kan titi, a tare hanya, mai mara lafiya a mota ya rasa wurin wucewa. Farfajiya ita ce maganin da magabata suka yi wa wannan matsala tun tuni: ranar Juma'a ta ɗauki ragowar jama'a, sauran kwanaki ta zama makaranta da wurin hutawar matafiyi.

Na san za a ce fili ya yi tsada a Kano da Kaduna da Maraɗi, kuma gaskiya ne. Za a ce muna da damina da ƙurar hunturu, wannan ma gaskiya ne. Ba wanda ya ce masallacin unguwa ya yi mita 92. Amma kwamitin da ya iya tara kuɗin hasumiya biyu zai iya barin taku goma a buɗe, ya dasa darbejiya uku, ya ɗaga rufi, ya sa tagogi suna kallon juna. Masu kuɗin da ke gina masallaci don neman lada, ku tambayi mai zanen gininku ta ina iska za ta shiga kafin ku tambaye shi launin tayil.

(Gajeren sauti)

Saura hasumiya, kuma ba a barin ta. Tana cikin ziyada ta bayan masallaci, tsawonta kimanin mita 40, kuma babu irinta a duk Masar, domin matakalarta ta waje take, tana naɗe jikin ginin tana hawa. Samfurin daga Malwiyya ne, hasumiyar babban masallacin Samarra, garin da Ibn Ɗulun ya girma. Ana ba da labari wai wata rana yana zaune yana murɗa takarda a yatsa, da ya ga fadawa sun lura yana wasa, sai ya ce ai siffar hasumiyarsa yake nunawa. Labari ne mai daɗi, amma wanda ya san Samarra ya san inda siffar ta fito. Mai ciwon gwiwa ko jiri ya hau a hankali, ya riƙa bin jikin bango. Daga sama za ka hango ganuwar Salahuddin da Masallacin Muhammad Ali a kan tudu, ga hasumiyoyin Sultan Hasan da Rifa'i, ga ƙubbar makarantar Sargatmish a ƙarƙashinka, wadda aka gina a 1356 manne da katangar ziyada. In ka sunkuya kuma ka ga farfajiyar gaba ɗaya, murabba'i cikin murabba'i, gidajen unguwa sun matse ta ta kowane gefe.

Wanda zai je, ya je da hantsi kafin rana ta take, ko bayan la'asar lokacin da bulo ke yin ja. Ya guji lokacin sallar Juma'a in kallo ya kai shi, in kuwa salla ce to madalla. Ya ware aƙalla awa biyu. A jikin katangar waje akwai wasu tsofaffin gidaje biyu da aka haɗe aka mayar gidan tarihi, ana kiransa Baitul Kiritliyya ko gidan Gayer-Anderson, sunan wani hafsan Ingila da ya zauna ciki. Da tikiti ake shiga, kuma yana nuna yadda masu hali na Alƙahira suke tsara gidajensu a da, su ma da tsakar gida da maɓuɓɓugar ruwa. Daga nan titin Saliba zai kai ka har gindin ganuwa da ƙafa, kana wuce masallatan Mamluka ɗaya bayan ɗaya.

Lokaci ya cim mana, jama'a. Waɗanda suke da tsohon masallaci a garinsu, na ƙasa ne ko na dutse, su aiko mana da labarinsa: wa ya gina shi, wa ke yaɓe shi, a wane hali yake yanzu. Za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.  

(Sautin rufe shiri)